Safa tana zamewa, suwaita ta ƙara tsawo bayan wanki: laifin zare ne ko na hannu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa. Tambaya biyu gare ni. Ta farko: safar babba, zare mai sili huɗu, kibiyar saƙa mai kaurin milimita 3, ido 72, wato madaukai 72 a zagaye ɗaya. Tana zamewa ta taru a idon sawu, kuma dunduniyar ta huje tun ba a je ko'ina ba. Ta biyu: suwaita da aka bi lissafin takarda ido da ido, ta zauna daidai kafin wanki, bayan wanki ta sauko har cinya, hannun ya rufe yatsu. Ina gyaran yake?

Hajiya Uwani: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Mu fara da safar. Ki auna kewayen ƙafar mai safar da tef, a inda tafin ƙafa ya fi faɗi, dab da tushen yatsu. Sannan ki shimfiɗa safar ba tare da kin ja ta ba, ki ƙirga ido nawa ne cikin santimita 10.

Maman Ilham: Kewayen ƙafa santimita 22. Ido 28 cikin santimita 10, Hajiya.

Hajiya Uwani: To ai kin ba kanki amsa. Ido 28 a santimita 10 na nufin 2.8 a kowane santimita. Raba 72 da 2.8, za ki samu kusan 26. Safar ta fi ƙafar faɗi da kusan santimita 4, ina za ta kama? Safa ba a yi mata awo daidai da ƙafa, balle a ƙara. Ragewa ake yi, kamar kashi 10 cikin 100, don ta miƙe ta rungume ƙafar. Ƙafa mai 22 tana son safa mai 20. Na biyu kuma, kibiya 3 ta yi wa wannan zaren girma. Ki sauko zuwa 2.25 ko 2.5 har sai kin samu ido 32 a santimita 10. Sai ki ninka 20 da 3.2, ido 64 ke nan. Hujewar ma daga nan take. Saƙa mai sako-sako tana barin kowane ido yana motsi yana goga ɗan uwansa a cikin takalmi, zaren ya yi ta cin kansa. Idan saƙar ta matse, idanun ba su da wurin motsi.

Anti Rabi: Hajiya ta gama magana kan awo, amma a duba takardar zaren ma. Zaren safa na gaskiya yawanci ulu ne kashi 75, nailon kashi 25, giram 100 yana zuwa da kusan mita 400 zuwa 420, kuma murɗinsa mai ƙarfi ne. Idan zaren mai sili ɗaya ne ko merino zalla, wato ulun tumakin merino mai laushin nan, ko da ido 36 aka matse shi sai ya huje. Laushin da ke jan hankali a hannu shi ne rauninsa a ƙafa. Auduga kuma ba ta komawa idan ta miƙe, akirilik, wato zaren roba, yana riƙe gumi a jikin fata. Ulu yana shan danshi har kusan kashi 30 na nauyinsa bai nuna jiƙa ba, shi ya sa ya fi dacewa da cikin takalmi.

Ummi: Anti, idan takardar ta ɓata fa, ta yaya za a gane zaren?

Anti Rabi: Yanki ɗan guntu ki kai shi bakin wuta, da ruwa kusa da ke. Ulu yana warin ƙonannen gashi, yana mutuwa da kansa in an janye wutar, tokarsa tana murƙushewa a yatsa. Akirilik yana narkewa ya bar ƙulli baƙi mai tauri. Auduga tana ci kamar takarda. Wanda aka gauraya zai ba ki wari na gashi da ɗan ƙulli mai tauri tare.

Malam Ɗanladi: Tunda an tsaya kan 64, bari in jera dunduniyar da lissafinta, don a nan mutane suka fi ɓata. Bayan an gama ƙwauri, a raba ido biyu: 32 na saman ƙafa su huta, 32 na dunduniya a riƙa saƙa su gaba da baya har layi 32. A farkon kowane layi a tsallakar da ido ɗaya ba tare da an saƙa shi ba, wannan zai ba da dogayen idanu 16 a kowane gefe, su za a tsinta daga baya. Don ƙarfi, a layin fuska a yi tsallake ɗaya, saƙa ɗaya, har ƙarshe, a layin ciki kuma saƙar baya duka. Zaren da ke ratsawa ta bayan idon da aka tsallake yana ninka kaurin wurin.

Juyawa kuma: a layin fuska, tsallake 1, saƙa 17, haɗa biyu mai karkata hagu, saƙa 1, juya. A layin ciki, tsallake 1, saƙar baya 5, haɗa biyu ta baya, saƙar baya 1, juya. Yanzu akwai ido 11 da ke jira a kowane gefe, da ɗan gibi tsakaninsu da na tsakiya. Daga nan ba sai an ƙirga ba: a saƙa har saura ido ɗaya kafin gibin, a haɗa na gaban gibi da na bayansa, a ƙara saƙa ɗaya, a juya. A layuka biyu na ƙarshe babu wannan ƙarin ɗayan. Za a ƙare da ido 18. Wanda ya ƙare da 17 ko 20 ya san ya rasa gibi a wani wuri.

Sai tsintar gefe: 16 da ƙarin 1 a kusurwa, 17 ke nan kowane ɓangare. 18 da 17 da 32 da 17 sun zama 84. A rage ido biyu a zagaye ɗaya, a huta a na gaba, sau 10, a dawo 64. Zagaye 20 ke nan.

Yaya Bilki: Malam, wannan ƙarin ɗayan na kusurwa shi kaɗai ba ya rufe ramin. Mutane suna tsintar zaren da ke kwance tsakanin kibiyoyi biyu su saƙa shi a buɗe, sai ramin ya ƙara girma. A murɗa shi, wato a saƙa ta ƙafarsa ta baya. In har yanzu akwai rami, a ɗauko ƙafar idon da ke layi ɗaya ƙasa ta kowane gefen gibin, a haɗa su biyun a saƙa tare. Kuma a zagayen farko bayan tsinta, duk idanun gefen a saƙa su ta baya, layin zai fito a matse.

Malam Ɗanladi: Haka ne, Yaya. Na yarda.

Ummi: Ni dai ban ga dalilin wannan doguwar hanya ba. Dunduniya mai gajerun layuka, wato wadda ake juyawa kafin a kai ƙarshen layi, ta fi sauri, ba tsinta, ba ragewa, kuma ta fi kama da safar kanti.

Hajiya Uwani: Ummi, ta fi sauri kam, amma ba kowace ƙafa take karɓa ba. Inda safa ta fi wahalar wucewa shi ne kewayen da ya taso daga ƙarshen dunduniya ya zagayo ta saman ƙafa, a karkace. Ki auna wurin za ki ga ya fi kewayen tafin ƙafa nesa ba kusa ba. Dunduniyar da Malam ya jera tana ba wurin ido 84, taki tana barinsa da 64. Mai ƙafa shimfiɗaɗɗiya ba zai ji komai ba. Mai tudun ƙafa kuwa zai ga saƙar ta buɗe a sama tana nuna fata, dunduniyar kuma tana zamewa ƙarƙashin ƙafa in ana tafiya. In dai dole sai gajerun layuka, a ƙara ido 4 zuwa 6 a kowane gefe kafin a fara, a rage su bayan an gama. Mai tudun ƙafa sosai ma, a irin ta Malam, sai a kai layukan 36 ko 40, a tsinci 18 ko 20.

Ummi: To Hajiya, na ji. Amma in an ƙara idon gefe ai an dawo gidan jiya, aikin ya zama ɗaya.

Hajiya Uwani: Kusan haka. Shi ya sa ba a cika jayayya a kai ba sai a tsakanin waɗanda ba su auna ƙafa ba.

Anti Rabi: Maman Ilham, a ina ainihin hujin yake? A bayan dunduniya inda takalmi ke goga, ko a ƙasa inda ake takawa?

Maman Ilham: A ƙasa ne, Anti.

Anti Rabi: To kin ga, ƙarfin da aka zuba a baya bai kai wurin ba. Ki ci gaba da tsallake ɗaya saƙa ɗaya a cikin juyawar, har ma santimita 3 zuwa 4 na tafin ƙafa. Ki lura dai, saƙar tsallake tana gajarta tsawo, don haka kada ki kai ta har yatsu, ƙasan zai fi saman gajarta safar ta lanƙwashe. Wata dabarar kuma: a saƙa idanun tafin ƙafa da kibiya mai ƙanƙanta da rubu'in milimita. Ita kuma wadda ta riga ta fara ci, kada a jira ta huje. Da zarar wurin ya yi shara-shara ana hango nailon kaɗai, a ɗauki allura marar tsini da ragowar zaren a bi sawun kowane ido a ninka shi. Minti goma ne. In ta huje, aikin ya koma na awa guda.

Maman Ilham: Madalla. Yatsu fa? Nawa kullum suna fitowa da ƙaho biyu a gefe.

Malam Ɗanladi: A fara ragewa saura santimita 4.5 zuwa 5 tsawon ƙafa ya cika. Ido huɗu a zagaye, biyu a kowane gefe, a huta zagaye ɗaya, har a kai 32. Zagaye 16 ke nan. Daga nan kowane zagaye a rage har 16, zagaye 4. Jimla 20, wanda a awon layi 44 cikin santimita 10 yake ba da 4.5. Sai a raba 8 da 8 a haɗa da allura. Tsarin ɗinkin: a kibiyar gaba, shiga ido na farko kamar za a yi saƙar gaba a sauke shi, shiga na biyu kamar saƙar baya a bar shi. A kibiyar baya, shiga na farko kamar saƙar baya a sauke, na biyu kamar saƙar gaba a bari. Haka har ƙarshe. Ƙahon yana fitowa ne daga idanun bakin gefe. Kafin a fara ɗinki, a ɗaga idon ƙarshe na kowace kibiya a tsallakar da shi kan maƙwabcinsa, ta ɓangarori huɗun. Za a rage da 6 da 6, kusurwar ta zagaye.

Yaya Bilki: Kuma kada a ja zaren yayin ɗinkin. A bar shi sako-sako, in an gama a bi da bakin allura ana daidaita ido ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda ke tsoron zare ya ƙare masa: fara daga yatsu. A raba curin giram 100 gida biyu da sikelin da ke auna giram, a yi ta hawa har zaren ya kusa ƙarewa. Matsalarta ɗaya ce, rufe baki. Rufewar yau da kullum ba ta miƙewa, safar ba za ta wuce dunduniya ba. A saƙa biyu, a mayar da kibiyar hagu cikinsu ta gaba a saƙa su tare, a saƙa ɗaya, a sake haɗawa, haka har ƙarshe. Mai farawa daga sama kuma ya ɗora idonsa yana barin tazara tsakanin ido da ido. Babbar kibiya tana ƙara girman idon ne kawai, ba ta ƙara tsawon zaren da ke tsakaninsu, alhali shi ne ke hana miƙewa.

Ummi: Layin nan da ke saukowa kamar tsani a mahaɗar kibiyoyi, mene ne maganinsa?

Yaya Bilki: Ƙanwata, ido na biyu ake ja, ba na farko ba. Na farko in kin ja shi sakewa yake kafin ki kai na gaba. Ki yi amfani da kibiya biyar maimakon huɗu, kusurwar ba ta yin tsini sosai. Ko ki koma kibiya mai igiya ta santimita 80, mahaɗa biyu kawai. Ƙaramin tsani yana ɓacewa a wankin farko, kada ki warware aiki saboda shi.

Hajiya Uwani: Mu dawo kan suwaitar, don ita ce asarar ta fi yawa. Maman Ilham, me takardar zaren ta ce, kuma yaya aka shanya ta? An wanke ƙyallen gwaji kafin a fara?

Maman Ilham: Merino ne, an rubuta ana iya wanke shi a inji. A igiya aka rataye ta. Gwaji kuwa an yi ɗan ƙarami, ba a wanke ba.

Hajiya Uwani: Abu uku suka haɗu. Gashin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi, su ne ke riƙe juna. Ulun da ake wankewa a inji an sarrafa shi ne da sinadari an lafar da ɓawon, yawanci an kuma shafe shi da wani siririn rufi, don kada ya dunƙule. Amfaninsa ke nan, illarsa ke nan: silin yana santsi, in ya jiƙe ba abin da ke riƙe shi, sai ya zube. Aka zo aka rataye shi da nauyin ruwa a jiki. Gwajin da zai tona wannan tun farko kuma ba a wanke shi ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin da bai ga ruwa ba rabin gwaji ne.

Yadda ake yi: ƙyalle mai faɗin santimita 15 aƙalla, a auna 10 na tsakiya, don idanun gefe ba sa faɗin gaskiya. A rubuta ido da layi. A wanke shi yadda za a riƙa wanke rigar, a bar shi ya bushe sarai, a sake aunawa. In zaren mai nauyi ne ko mai santsi, irin su auduga, gashin dabbar alfaka ko wannan merino, a rataye busasshen ƙyallen kwana ɗaya da 'yan maƙalan shanya a ƙasansa, don ya kwaikwayi nauyin riga. Awon ƙarshe shi ake lissafi da shi.

Malam Ɗanladi: Don a ga girman abin: riga mai ido 228 a awon 22 tana ba da kusan santimita 104. Hannu ya saki kaɗan ya koma 21, ta zama 108 da rabi. Ya koma 20, ta zama 114. Ido biyu kacal, riga ta canza mai ita. Sannan in rigar a zagaye za a saƙa ta, gwajin ma a zagaye. Mutane da yawa saƙarsu ta baya ta fi ta gaba saki, to gwajin gaba da baya zai ba da awo daban. Ba sai an yi bututu ba: a saƙa layi a kibiya mai igiya, a zamar da aikin zuwa ɗayan bakin, a ratsa zaren ta baya da saki sosai, a sake saƙar gaba.

Maman Ilham: To wadda ta riga ta miƙe, ta tafi ke nan?

Anti Rabi: A'a. Ki sake jiƙa ta, ki ɗauko ta a dunƙule da hannu biyu kada wani ɓangare ya rataya, ki naɗe a tawul ki taka ruwan ya fita. Ki shimfiɗa a busasshen tawul, da tef a hannu, ki riƙa tattaro ta kina turawa ciki har ta koma awon da kike so. In takardar ta yarda da injin busarwa, 'yan mintuna a zafi kaɗan idan ta kusa bushewa suna dawo da irin wannan ulun sosai. Ki fara da ƙyallen gwaji, kar garin gyaran gira a rasa ido.

In duk da haka ta yi tsawo, sai a rage. Wadda aka saƙo daga wuya, warware ƙasan kawai za a yi. Wadda aka faro daga ƙasa ba ta warwaruwa ta bakin farawa, musamman inda aka yi gaba biyu baya biyu. Ki zaɓi layin da kike so, ki zura siririyar kibiya mai igiya cikin ƙafar dama ta kowane ido a layin, ki yanke ido ɗaya tak a layi na ƙasa da shi, ki zare zaren da allura har ƙasan ya rabu. Sai ki saƙa sabon baki zuwa ƙasa. Idanun za su goce da rabin ido, amma a mahaɗar jiki da baki ba mai gani.

Ummi: Idan za a bar takarda a yi lissafi da kai fa? Akwai hanya?

Malam Ɗanladi: Akwai tsarin kaso da shahararriyar malamar saƙa Elizabeth Zimmermann ta yaɗa. Idon jiki shi ne 100, sauran duk daga shi ake cirowa: wuya kusan 40, dantse 33 zuwa 35, wuyan hannu 20, hammata 8. Misali ƙirji santimita 96, a ƙara 8 na walwala, 104. Zare matsakaici, kibiya milimita 4, ido 22 da layi 30 a santimita 10. Jiki 228, wuya 92, dantse 80, hammata 18. In daga wuya za a sauko da layukan kafaɗa huɗu masu karkata, a lokacin raba hannu ana son gaba 96, baya 96, kowane hannu 62. Jimla 316. Cire 92, saura 224. Kowane zagayen ƙari yana ba da ido 8, to sau 28. Farawa ke nan da gaba 40, baya 40, hannu 6 da 6.

Yaya Bilki: Malam, lissafin ya fita a takarda, a jiki kuma akwai magana biyu. Ƙari 28 a kowane zagaye na biyu zagaye 56 ne, ƙasa da santimita 19. Mai ƙirji 96 yana son zurfin hammata kamar 21 zuwa 22, in ba haka ba rigar za ta cije shi. Na biyu, ido 6 a kan kafaɗa ya yi kaɗan, wuyan zai fito a baje kamar bakin kwale-kwale, layukan kafaɗa su kusa haɗuwa. Ni zan ce a fara da 34, 34, 12, 12. Jimlar dai 92 ce. Jiki yana bukatar ƙari sau 31, hannu sau 25, a cikin zagaye 66. Wato a wasu zagayen jiki kaɗai ake ƙarawa, ido 4 maimakon 8.

Malam Ɗanladi: Zurfin na yarda, ana iya gyara shi ko a nawa: ƙari 23 a kowane zagaye na biyu, 5 na ƙarshe a kowane na huɗu, 66 ke nan. Faɗin wuya kuwa zaɓi ne, Yaya, akwai masu son sa a baje.

Yaya Bilki: Akwai su, amma su sani tun farko, kada su gani a madubi.

Hajiya Uwani: Ku biyun kun bar bayan wuya. In gaba da baya tsawonsu ɗaya, rigar za ta shaƙe maƙogwaro ta kuma ja baya. A yi gajerun layuka 6 zuwa 8 a baya bayan an gama bakin wuya, su ɗaga shi santimita 2 zuwa 3, wuraren juyawa su ratsa hannu su ɗan shiga gaba. Kuma wuyan da aka ɗora ido aka wuce kai tsaye yana saki da nauyin riga. A ɗora a fara jiki, daga baya a tsinci ido a saƙa bakin wuya da kibiya 3.5. Wannan layin tsintar shi ne ƙashin da ke riƙe rigar.

Hannu kuma daga 80 zuwa 48: ido 32, ragi sau 16. Tsawo 45, cire 5 na baki, saura 40, zagaye 120. A rage a zagaye na 7, sannan na 8, ana musanyawa. A rubuta a takarda, don hannu na biyu ya yi daidai da na farko. Kafin a raba hannu, a zuba idanun a dogon zare a gwada rigar a jiki. Wannan ne babban amfanin farawa daga wuya, amma da yawa ba sa yi saboda ƙyuya.

Ummi: Zare nawa za a tanada?

Anti Rabi: Irin wannan girman, mita 1,100 zuwa 1,400, gwargwadon tsawo. A duba mita, kada a duba giram, don auduga ta fi ulu nauyi a tsawo ɗaya. A ƙara curi ɗaya, kuma duk lambar rininsu ta zama ɗaya. Bambancin rini ba ya fitowa a hasken ɗaki, sai an fita rana a ga layi ya raba riga. In dole aka haɗa lamba biyu, a riƙa zagaye biyu da wannan, biyu da wancan, na tsawon santimita 5, ko a ajiye na daban don bakin hannu da wuya.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: mai aiki da hidimar gida, da ƙyar ake samun rabin awa. Yaya ake tafiyar da biyun ba tare da an rikice ba?

Yaya Bilki: Raba su bisa hankalin da suke ci. Ƙwauri da tafin safa, da jikin suwaita bayan hammata, saƙar gaba ce zalla, ana yi ana hira. Safa ta zauna a jaka don zaman jira, suwaita ta zauna a gida tunda ta yi nauyi. Juyawar dunduniya, ɗinkin yatsu da gajerun layukan wuya kuwa, kada a fara su sai ana da minti ashirin da ba mai kira. In dole aka ajiye a tsakiyar layi, ƙa'idar ita ce zaren da ke zuwa daga curi yana kan kibiyar hannun dama. Wanda ya manta wannan zai koma baya ya bar rami. Kafin wuri mai wuya, a zura siririn zare mai santsi cikin duk idanun layi ɗaya a bar shi, in an ɓata a warware zuwa nan a tsaya.

Hajiya Uwani: Safa ta biyu kuma a ɗora idonta a zaman da aka rufe ta farko, ko layi biyar ne. In an bar ta wata uku, hannu ya canza, za ta fito da girma daban ko da lissafi ɗaya ne. Suwaitar da ta daɗe a ajiye, a warware layi ɗaya ko biyu kafin a ci gaba, don idanun da suka kwana a kan kibiya sun buɗe, suna barin zane. Gajerun kibiyoyi masu baki biyu a sa musu murfi, a ɗaga su daga inda yara ke kaiwa. In yatsu suka fara tsami ko wuyan hannu ya yi zafi, a ajiye. Siririyar kibiya ta fi gajiyar da hannu, musanyawa da aikin suwaita yana hutar da shi.

Ummi: Wankin ulun da ba na inji ba fa, Hajiya?

Hajiya Uwani: Ruwa mai ɗan sanyi, kada ya wuce digiri 30, na ɗauraya ma zafinsu ɗaya. A jiƙa minti 15, a matsa a hankali, ba cuɗawa, ba murɗawa. Zafi da cuɗa da sabulu mai ƙarfi su ke sa ɓawon nan ya sarƙe, in ya dunƙule kuma ba ya dawowa. Bilic yana narkar da ulu, garin wanki mai cin tabon abinci ma yana cinsa a hankali, don ulu da gashi abu ɗaya ne. Kafin a ajiye na dogon lokaci a wanke, tsutsar asu gumi da datti take bi. In an ga alamarta, a ƙulle kayan a leda a sa a firiza mako ɗaya zuwa biyu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Zan warware safar in koma 64 da kibiya 2.25. Zaren da aka warware ya yi lanƙwashe-lanƙwashe, a haka zan saƙa shi?

Anti Rabi: Wanda ya sha wanki ya daɗe a saƙe, a'a, idon ba zai fito daidai ba. Ki naɗe shi a bayan kujera ya zama babban zobe, ki ɗaure a wuri huɗu da wani zaren, ki jiƙa minti 20, ki matse a tawul, ki rataye ba tare da kin ɗaura masa nauyi ba. In ya bushe ki mayar curi, kada ki matse naɗin. Na wajen dunduniya da ya riga ya ci, ki yanke ki zubar.